Adakar Tsohon Soja: Yadda Za Ka Tara Kayan Yaƙin Da, Ka Gane Su, Ka Adana Su

Adakar kakana ta yi shekaru a ƙarƙashin gadon gwaggona a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ba wanda ya kula ta. Ranar da rufin ɗakin ya yi yoyo aka jawo ta tsakar gida. Da muka ɓalle kwaɗon sai ga jar dara wadda asu ya cinye rabinta, da cokali, da wani ɗan littafi da gara ta lashe gefensa, da ɗan ƙyalle rawaya mai hoton gizo-gizo, da minda uku, wato lambobin yabon soja, ƙulle a tsumma. Gwaggo ta ce, "Kayan Bama ne na Baba. Kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, ko kuɗin koko a samu." Bama ɗin nan ƙasar Burma take nufi, inda kakana ya yi yaƙi. Na ce, "Gwaggo, ki bar mini su." Ta ce, "Ɗauka, ai kai ne sarkin tarkace."

Abin da na fara yi musu shi ne abin da nake roƙon kowa kada ya yi. Na samo toka da lemun tsami na dirje su har suka yi ƙyalli kamar sabon kwano. Sai daga baya na gane cewa duhun nan da na kankare shi ne shaidar tsufansu, kuma zanen da toka ta bari a fuskar sarkin da ke jikin minda ba zai taɓa gogewa ba.

Minda ita kaɗai guntun ƙarfe ce, an buga irinta dubbai. Abin da ke ba ta daraja, a wurin masu tarihi da masu saye baki ɗaya, shi ne a san wanda aka ba, da inda ya je ya samo ta. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta haɗa ƙarfen da mai shi.

Mataki na farko: gida kafin kasuwa

Kafin ka kashe sidi ɗaya, zaga dangi. Ka fi matsa wa tsofaffi mata, don makullin adaka a hannunsu yake. Kada ka ce, "Akwai kayan tarihi a gidan nan?" Za a ce maka babu. Ka ce, "Hajiya, wa ya yi soja a gidan nan zamanin Turawa? Ina kayansa?"

In an fito da su, shimfiɗa farin zane, ka jera su yadda ka same su, ka ɗauki hoto da waya: gaba, baya, da gefe. Kada ka raba kaya. Mindar da ke tare da littafin sallama da hoto da cokalin mai ita ta fi guda goma da aka tsinta a warwatse. Ko tsumman da aka ƙulle su da shi kada ka yar.

Sannan ka kunna rikodar waya ka bar tsohuwa ta yi magana. Abin da kake nema: sunansa na gida, sunan da ake kiransa a bariki, garin da ya fito kafin ya sauka Kumasi, aikin da ya yi bayan sallama, da lokacin da ya dawo. Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, kai ne za ka mayar. In ta ce shekarar girgizar ƙasar Accra, 1939 ke nan. In ta ce shekarar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu, 1947. In ta ce shekarar da aka harbe tsofaffin sojoji a hanyar fadar gwamna, 1948 ce, ranar 28 ga Fabrairu, ranar da aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suna kan hanyar kai koken haƙƙinsu.

Mataki na biyu: san rundunar da yaƙe-yaƙenta

Ba za ka gane kaya ba sai ka san inda mutanen suka taka. Tarihin kuwa namu ne fiye da yadda yaran yanzu suke zato. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, kuma da irinsu aka zo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gold Coast, wato Ghana ta yau, da mutanen da aka ɗebo daga can. A 1901 ta koma Gold Coast Regiment, wani reshe na babbar rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da W.A.F.F. Hausa ce harshen bariki a lokacin, shi ya sa har taken rundunar da Hausa yake: Kullum Shiri.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fara da Togo a Agustan 1914, inda suka nufi tashar wayar iska ta Jamusawa a Kamina. A Togon ne Alhaji Grunshi ya yi harbin da ake cewa shi ne na farko da wani sojan Ingila ya yi a yaƙin gaba ɗaya. Daga nan Kamaru, sai Afirka ta Gabas daga 1916 zuwa 1918. A yaƙi na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 da 1941, sannan aka kwashe su zuwa Indiya da Bama don yaƙar Japan, cikin manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943.

In kana son hanyar haddace wannan cikin sauƙi, dubi sunayen barikokinmu. Kamina a Tamale, Togo ce. Uaddara a nan Kumasi, wurin wani gumurzu ne a Habasha a 1941. Burma Camp da Arakan a Accra, da Myohaung a Takoradi, duk Bama ce; Myohaung gari ne da aka ƙwace a Janairun 1945.

Ka ware yini guda ka je gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Adum, wadda Turawa suka sake ginawa a 1897, inda aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Akwai mindodi da hotuna da makaman da aka ƙwato a Habasha da Bama. Ido ba ya gane jabu sai ya saba da na gaske, kuma nan ne wurin sabawa mafi kusa.

Mataki na uku: karanta minda

Nan ne aikin yake. Abu huɗu za ka duba a jere: siffa, fuskar da ke kai, rubutun baya, da launin ƙyallen da aka rataya ta da shi. Ƙyalle ne na ƙarshe da gangan, don yakan ruɓe a sa wani, ko a sa na wata mindar bisa kuskure.

Fuska ita ke ba ka zamani. Sarauniya Biktoriya, kafin 1901. Sarki Edward na Bakwai, mai gemu da sanƙo, 1901 zuwa 1910. George na Biyar, mai gemu, shi ne na yaƙin farko. George na Shida, marar gemu, na yaƙi na biyu.

Na yaƙe-yaƙen Asante guda uku ne, kuma su ne mafi wuyar samu a nan. Ta 1873 zuwa 1874 azurfa ce mai fuskar Biktoriya. Wasu suna da ɗan ƙarfe a gicciye a kan ƙyallen mai rubutu COOMASSIE. Ta 1896 tauraro ne mai tsini huɗu da wata gicciya a tsakani, a bayanta an rubuta FROM THE QUEEN, kuma ba suna aka bayar da ita. Ta 1900 tana da fuskar Edward, bayanta zaki, ƙyallenta baƙi da ratsi biyu kore, ƙarfen gicciyenta kuwa KUMASSI. Sojoji sun samu ta azurfa, 'yan dako ta tagulla. Kada ka raina ta tagullar. Wani ne ya ɗauki kaya a ka daga bakin teku har Kumasi ya same ta.

Na yaƙin farko su ma uku ne. Akwai tauraron tagulla mai takubba biyu a gicciye da rubutun 1914-15. Akwai ta azurfa mai fuskar George na Biyar, bayanta mutum a kan doki da 1914 da 1918, ƙyallenta ruwan lemo a tsakiya. Akwai ta nasara, ruwan tagulla, mai hoton mace da fukafukai, ƙyallenta launin bakan gizo. Ka riƙe wannan: ba a taɓa ba mutum tauraron shi kaɗai ba. Duk wanda ya same shi ya samu sauran biyun. In ka ga tauraro a adaka, ka ci gaba da tambaya, 'yan'uwansa suna wani ɗaki, ko an raba su wajen gado. Alherin waɗannan ukun shi ne suna ɗauke da suna: tauraron a bayansa, sauran biyun a kaurin gefensu. Karkata mindar ga hasken taga, za ka ga lamba, da muƙami, da suna, da harufan runduna a taƙaice. Wani lokaci kuma za ka tarar da wani faifan tagulla mai faɗin tafin hannu, da suna a cikin ɗan akwati a fuskarsa. Wannan ba minda ba ce, iyalan wanda ya mutu a yaƙin ake aika wa.

Na yaƙi na biyu su ne za ka fi cin karo da su a zango. Taurarin masu tsini shida ne, duk siffa ɗaya, da kambi da harufan sarki a tsakiya, sai rubutun da ke kewaye ya bambanta su. THE 1939-1945 STAR, ƙyallensa shuɗi mai duhu, ja, da shuɗi mai haske. THE AFRICA STAR, ƙyalle ruwan yashi da jan ratsi a tsakiya. THE BURMA STAR, ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Sai farare guda biyu masu zagaye: ta tsaro, mai zakuna biyu a baya da ƙyalle kore da ruwan wuta, da ta yaƙi, mai zaki tsaye a kan wani dodo, wadda ake samu da hidimar kwana 28. Waɗannan biyun ba azurfa ba ce, haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Taurarin kuma, don Allah, ba zinariya ba ce. Na sha ganin an kai su wa maƙera a Adum ana sa ran kuɗin fili.

Jerin da mutum ya samu labari ne. Zaman bariki a Afirka ta Yamma ba ya kawo tauraron Afirka. Sai wanda ya shiga fagen daga irin Somaliya ko Habasha ko arewacin nahiyar tsakanin Yunin 1940 da Mayun 1943. To in ka ga tauraron Afirka da na Bama tare, mai yiwuwa tsohon hannu ne da ya yi Habasha sannan ya tafi Bama, kuma ka fara nemansa a runduna ta 82, don can aka sa birged ɗin Gold Coast da ya dawo daga Habasha. Kakana ba shi da na Afirka: tauraron 1939-1945, na Bama, da ta yaƙi. Wannan ya nuna mini cewa ko dai daga baya ya shiga soja, ko bai kasance cikin waɗanda aka tura gabas ba.

Matsalar na yaƙi na biyu ita ce Ingila ta raba su ba suna. Bayan tauraron fili ne fetal. In ka ga suna, ko dai mai ita ne ya kai aka zana masa, ko ta sojan wata ƙasa ce kamar Indiya ko Afirka ta Kudu, waɗanda suka buga sunayen mutanensu. Shi ya sa raba irin wannan minda da takardunta daidai yake da kashe ta.

Na bayan 'yancin kai ba su da wuyar sha'ani. Sojan Ghana sun je Kwango a 1960, Labanon tun 1979, Laberiya a 1990, Ruwanda a 1994. Mindodin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan duk ƙarfe ɗaya ne, ƙyallen ne ke faɗin wace ƙasa aka je, don haka a nan kam kada ka bari ƙyalle ya ɓace.

Mataki na huɗu: bi lamba, kada ka bi suna

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ɓatar da mutanen zango. Bature mai ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba. Sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa ƙabila ko gari: wane Frafra, wane Grunshi, wane Moshi, wane Dagarti, wane Kanjarga, wane Bazabarimi, wane Kano, wane Sokoto. A bataliya guda sai ka samu mutum da yawa masu suna iri ɗaya. Wasu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, saboda sun gudo daga gida, ko sun tsallako daga ƙasar Faransa. Rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji ne: Mama, Mahama, Mamadu, duk mutum ɗaya ne a takardu uku.

Lamba ce ba ta ƙarya. A yaƙi na biyu ta sojan Gold Coast tana farawa da GC, ta Najeriya da NA. Nemi lambar a ko'ina: littafin sallama, takardar fansho, murfin adaka, bayan bel, cikin hula, ɗan faifan shaida da ake ratayawa a wuya. Ni a gindin cokali na fara ganin ta kakana, an buga ta da ƙusa, sannan na tarar da rabinta a shafin da gara ta rage.

Da lamba a hannu, ga inda za ka dosa. In mutumin bai dawo ba, shiga shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, CWGC. Bincike kyauta ne. Ita ke kula da maƙabartar soja ta Christiansborg a Accra, da ta Taukkyan a Bama, inda aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. In na yaƙin farko ne ba ka ga sunansa ba, kada ka ce labarin gida ƙarya ne. Hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa akwai ɗimbin 'yan Afirka da ba a rubuta sunayensu ba. Gidan adana takardun Ingila da ke Kew a Landan yana da kundin bincike a intanet: katunan mindodin yaƙin farko suna ƙarƙashin WO 372, takardun shawarar ba da lambar jarunta a yaƙi na biyu WO 373, littattafan yau da kullum na bataliyoyin Bama kuma WO 172. A gida kuwa akwai hukumar adana takardu ta PRAAD a Accra, da reshenta a Kumasi, sai ofishin 'yan mazan jiya, VAG. Je da hoton takardunka, ka bar na asali a gida, ka kuma tafi da haƙuri. Ka gwada sunan da kowane irin rubutu da zai yiwu.

Mataki na biyar: baji, anini, da sauran tarkace

Alamar rundunar bishiyar kwakwar manja ce a kan ɗan tudu, da harufa a ƙasa. A 1928 aka ƙara mata lakabin sarauta, don haka W.A.F.F. kafin shekarar ne, R.W.A.F.F. bayanta. Harafi ɗaya ya raba maka zamani biyu. In anini ko baji yana da kambi, dubi samansa: mai tudu kamar murfin tukunya na zamanin sarakuna maza ne, 1902 zuwa 1952, mai lotsawa a tsakiya na Sarauniya Elizabeth ne, daga 1953.

Ƙyallen kafaɗa ya fi komai daɗin gani. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya na runduna ta 81 ne, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ananse ne na Asante, Gizonmu na tatsuniya, mai cin manya da dabara. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo fa, na ɗaukar kaya, domin a dazukan Bama inda mota ba ta shiga, a ka aka ɗauki abinci da harsashi har da sassan igwa.

Kayan gwamnatin Ingila suna da hatimin kibiya mai kama da sawun kaza. Nemi shi a cikin bel, jaka, gorar ruwa, kwanon abinci, adda, da hular kwano. Kusa da shi yawanci akwai harufan kamfani da shekarar da aka yi. Doguwar banati, wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga, mai rubutun 1907, wannan shekarar samfuri ce, ba ta ƙira ba. Ƙananan lambobin da ke ƙasa su ne wata da shekara. Kuɗin takarda masu rubutun THE JAPANESE GOVERNMENT, in rupi ne kuma harufan jikinsu sun fara da B, na Bama ne. Ba su da tsada ko kaɗan, amma shaida ce cewa mai adakar ya taka can. Wasiƙar ajami ko laya, kada ka farke laya don ganin ciki, ka kai wasiƙar wurin malamin da ya iya tsohon rubutu.

Mataki na shida: saye, da gane jabu

In gida ya ƙare, sai kasuwa. Ka yi abota da masu sayen tsohon ƙarfe a Akwatia Line da Suame Magazine, ka nuna musu hotuna a waya, ka ce in irin wannan ya faɗo a kira ka kafin ya shiga sikeli. Masu sayar da tsofaffin kuɗi da kayan gargajiya ga baƙi su ma suna samu, amma a can ne farashi ke hawa, jabu kuma ya fi yawa.

Ni ma an taɓa yi mini. Wani mai tebur ya miƙo mini tauraron 1914-15, ya ce, "Malam, daga gidan wani tsohon samanja ya fito, don kai ne zan bar shi haka." Na biya ina murna. Da na isa gida na juya bayansa, ba suna ba lamba, alhali irinsa da suna ake bayarwa. Da na sa gilashin masu gyaran agogo sai ga ƙananan ramuka kamar fuskar ƙosai, ga layin haɗi a gefe.

Ka riƙa yawo da abu uku: gilashin nan, mayen ƙarfe, da ma'aunin kauri irin na makanikai. Ta gaske da inji aka buga ta, harufanta tsaf suke, masu kaifi. Jabu yawanci zubi ne, harufan sun narke, jiki da ƙuraje, gefe da tabon haɗi ko na zarto. Azurfa da tagulla da haɗin nikel ba sa kama mayen ƙarfe. In minda ta manne, ajiye ta. Zagayayyun mindodin nan faɗinsu kusan milimita 36 ne. Auna ta wuri uku ko huɗu. In wani ɓangare ya fi sirancewa, an kankare sunan asali an buga wani. Duba ko an rubuta COPY ƙanana a baya ko a gefe. Ƙananan mindodi masu rabin girma ba jabu ba ne, hafsoshi ke sayensu don kayan dina, amma ba su ne na asali ba.

Game da farashi, kada ka yarda da na baki. Gidajen gwanjon Landan irin su Noonans da Spink suna ajiye sakamakon cinikin da suka yi a intanet; nemi irin abin da ke hannunka ka ga nawa aka saya da gaske. Za ka tarar taurarin yaƙi na biyu marasa suna araha ne, mai suna da tarihi ita ce mai tsada.

Ra'ayina a kan saye daga hannun iyali: in kana iya shawo kansu su riƙe abinsu, ka yi, ka ɗauki hoto ya ishe ka. In lalura ta sa dole su sayar, ka faɗa musu gaskiyar abin da yake, ka biya daidai, ka rubuta sunan mai shi da labarinsa kafin ka fita daga zauren.

Abin da ba a tarawa

Harsashi mai rai, gurneti, ƙwallon igwa, duk wani abu mai kama da bam, komai tsatsarsa. Tsufa ba ya kashe su, ƙara musu saurin fushi yake. Kada ka ɗaga, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka bari yaro ya kai wa mai ƙarfe; ka sanar da 'yan sanda. Bindiga ko ta kaka ce sai da lasisi. Kakin soja kuma na ajiya ne, dokar Ghana ta hana farar hula sa shi. In za ka fita da tsohon abu ƙasar waje, ka fara neman izini a hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, GMMB.

Mataki na bakwai: adana

Abokin gabarka a Kumasi danshi ne. Damina biyu a shekara ta isa ta sa fata ta yi fumfuna, ƙarfe ya yi tsatsa. Kada ka ajiye kaya a ƙasa ko jikin bango. Samo akwati mai murfi, ka naɗe kowace minda daban a farin ƙyallen auduga don kada su gogi juna, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa canza su. Leda mai taushi tana sa tagulla ta yi kore, ka guje ta.

Wanki kuwa, burushi mai laushi da busasshen tsumma sun isa. In datti ya kafe, ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi, ba tare da ƙyallen ya jiƙe ba, sannan ka busar sarai. Ba toka, ba lemun tsami, ba yashi, ba man goge tagulla. In ka ga wani kore mai gari-gari yana fitowa a tagulla, ware ta daga sauran, ciwo ne mai ci. Ruwan adda ko banati, ɗigon man keken ɗinki a tsumma, kuma kada ka bar shi cikin kuben fata shekara da shekaru. Tsohon ƙyallen minda ko ya koɗe, ka bar shi; in ka sayi sabo don ado, ajiye tsohon tare da ita. Jar dara da kaki, ka shanya su a inuwa da hunturu, ka sa kafur a kusurwar akwatin ba a jikinsu ba.

Takarda ita ce aka fi cuta da sunan gata. Kada ka kai littafin sallama ko tsohon hoto a manne shi cikin roba da injin zafi, kamar yadda muke yi wa takardar haihuwa. In an manne an manne ke nan, ba ya ɓaruwa sai da rubutun. Kada ka sa salatif a inda ya yage. Ɗauki hoton kowane shafi, ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, ka sa na asalin tsakanin fararen takardu a kwance. Rubutu a bayan hoto da fensir, ba da biro ba.

Sai ka buɗe littafi, kowane abu da shafinsa: mene ne, na wane ne, lambarsa, daga hannun wa ya fito, yaushe, nawa ka biya, da abin da aka gaya maka, ka bambanta shi da abin da ka tabbatar a takarda. Ka ɗaura wa abin ɗan kati mai lambar shafin da zaren auduga. A shafi na farko na nawa littafin an rubuta: minda uku, cokali ɗaya, ƙyallen gizo-gizo na runduna ta 81, daga hannun Gwaggo, Aboabo, kyauta. A ƙasa na ƙara da ƙaramin rubutu cewa zanen da ke fuskar sarki ba na Bama ba ne, na toka ne.